Furen Da Tawadarsa Ta Ƙare

Bari in riga Kawu ba ku labarin nan, don idan ya riga ni za ku ji wai shi ne ya ceci auren Yaya. Ya ma riga ya faɗa wa mai aski haka, mai askin layinmu kuwa kafin ya gama kai ɗaya labari ya zagaye unguwa.

Kawu ƙanin Mama ne. Shagonsa yana ƙasan benenmu, mu muna sama. Yana yin fotokofi, yana ɗaukar hoton fasfo, amma abin da yake tinƙaho da shi shi ne ɗurin tawada. Idan ka kawo masa katirij, wato ɗan akwatin nan da tawadar firinta ke zama a ciki, ya ƙare ƙaf, sai ya huda shi da sirinji ya cika shi, ya liƙe ramin, ya miƙo maka yana sauke numfashi kamar wanda ya fito daga ɗakin tiyata. A allon shagonsa ya sa an rubuta Injiniya da manyan baƙaƙe. Duk layin kuwa Kawu Tawada suke ce masa, har da tsofaffin da suka girme shi. Mama ce kaɗai take ce masa Auta, kuma ita kaɗai yake shakka. Shi kuma Yaya yake ce mata, kamar yadda ni ma nake ce wa tawa yayar.

To ga yadda furen ya shigo gidanmu. Yaya tana da wanda za ta aura, ni na sa masa suna Tabarau, don a lokacin ban taɓa ganin idonsa tsirara ba. Ranar da Yaya ta fara zuwa gaida mahaifiyarsa, Hajiya, sai ta dawo rungume da tukunyar fure kamar ta ɗauko jariri. Okid ake ce masa. Ganyensa masu kauri ne kamar harshen saniya, ga wani dogon kara ya lanƙwaso, furanni sun jeru a jikinsa kamar malam-buɗe-littafi sun sauka hutawa. Kuma shuɗi ne. Shuɗi sosai, irin wanda sai ka sake dubawa.

Yaya ta ajiye shi a tagar falo, ta maimaita mana abin da Hajiya ta ce, har da muryarta: “Wannan iri ne na musamman, ni na san hannun da na samo shi. Ba ya riƙe shuɗinsa sai a gidan da ake da kula. Idan ya ga sakaci, koɗewa yake yi. Zan zo in gan shi.”

Na ce, “Fure ne ko mai duba makaranta?”

Yaya ta ce, “Ke dai matsa, numfashinki ya yi masa yawa.”

Tun daga ranar muka zama bayin okid. Kada a buɗe taga da ƙarfi. Kada a kunna fanka ta wajensa. Yaya tana goge ganyensa da auduga, tana taɓa cikin tukunyar da ɗan yatsa kafin ta ba shi ruwa. Duk da haka lokacinsu ya yi, furannin suka zube ɗaya bayan ɗaya, karan ya bushe. Yaya ta yanke shi tana hawaye, ta bar ɗan guntu a gindi. Ba ta fasa kula ba. Can bayan watanni sai ga sabon kara ya leƙo, ya yi tsawo, ya fitar da 'yan ƙulle-ƙulle. Kullum da safe sai na je na tsaya a kansu, ji nake kamar in ɓare su da farce in huta.

Ranar da suka buɗe, Yaya ta yi wata ƙara da ta sa Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

Farare ne. Fari tas, ko ɗigon shuɗi babu.

Kamar an haɗa baki, da azahar Tabarau ya bugo waya ya ce Umma za ta zo ƙarshen mako, kuma ta ce a gaida mata furenta.

Yaya ta zauna a ƙasa ta dafe kai. “Shi ke nan. Za ta ce ni ƙazama ce. Za ta ce wadda ta kasa riƙe fure ina za ta riƙe gida.”

Na ce, “Ki ce mata ya zama fari mana. Magana ta ƙare.”

“Ke komai naki sauri-sauri! Ba ki ji abin da ta ce ba ne?”

Daidai nan Kawu ya hawo cin abinci. Kawu ba ya saɓa lokacin abincinmu, ko agogon bango yana iya makara, ban da shi. Ya kalli Yaya, ya kalli furen, ya cire hularsa ya matsa kusa. Ya zagaya ta hagu, ya zagaya ta dama, ya ɗaga ganye ya leƙa.

Ya ce, “Wannan ne ake wa kuka? Tawadarsa ce ta ƙare.”

Mama ta ce, “Auta, zauna ka ci abinci.”

“Wallahi, Yaya, kullum irin wannan nake gani. Mutum ya zo a guje, Injiniya, firinta ta mutu, takarda tana fitowa fara. In duba, in ce ba ta mutu ba, ƙishi take ji. Ku ba ni shi, kafin Hajiya ta zo sai ya fi na da shuɗi. Sai ta tambaye ku wane ne likitansa.”

Ni na yi dariya har da ƙwarewa. Amma Yaya ba ta yi ba. Mai neman mafita ko Kawu ne ya yi magana sai ya saurara.

Ta ce, “Kawu, ba zai mutu ba?”

“A hannuna? Me ya taɓa mutuwa a hannuna?”

Mama ta ce, “Rediyona.”

“Wannan da ma ajalinsa ya zo.”

Gwajin farko, Kawu ya ce a bi ta baki. Ya haɗa shuɗiyar tawada da ruwa a kofin shayin Mama, ya tuttula a tukunyar yana bismilla. Abin da bai sani ba, tukunyar okid ba ƙasa ce a ciki ba, ɓawon itace ne, kuma gindinta duk huji ne. Tawadar ko gaisawa da saiwa ba ta tsaya yi ba. Ta zarce ta ƙasa, ta bi dakalin taga, ta gangara bango, ta sauka kan farin yadin da tela, maƙwabcin shagon Kawu, ya shanya a igiya.

Muka ji murya daga ƙasa: “Wane ne wannan? Wane ne yake wa mutane fitsarin aljanu daga sama?”

Kawu ya leƙa ta taga. “Maigida, yi haƙuri, bincike ake yi.”

“Binciken me? Yadin mutane ne wannan! Fari aka kawo mini!”

“To ai ga shi ya samu ado. Wasu biya suke yi a yi musu haka.”

“Sauko ka faɗa mini a nan!”

Kawu bai sauka ba. Ya ce mai bincike ba ya barin aiki a tsakiya. Ya ɗauki tukunyar yana goge ta da tsumma, sai na ga ya tsaya cak. Ya zaro gilashin nan mai ƙara girman abu daga aljihunsa, ya kafa shi a guntun tsohon karan da Yaya ta bari.

Ya ce da ni, “'Yar Sauri, zo ki ga. Me kika gani a nan?”

Na duba. Wani ɗan rami ne kamar na allura, an toshe shi da kaki, gefensa ya yi shuɗi-shuɗi.

Kawu ya miƙe tsaye a hankali, ƙirji a gaba. “Jama'a, me na ce muku? Wannan hujin sirinji ne. Ko a mafarki na gan shi zan gane shi. Furen nan fari aka haife shi. Wani ɗan'uwana a sana'a ne ya huda karan, ya ɗura masa launi, launin ya bi ruwan da yake sha ya hau har cikin furannin, sannan ya liƙe ramin da kaki. Da wancan karan ya bushe, launi ya tafi da shi. Sabon kara, sabon katirij, babu komai a ciki!”

Mama ta karɓi gilashin ta duba. Yaya ma ta duba. Wallahi gaskiyarsa ce. Kuma ranar na gane cewa Kawu da ya yi kuskure mai sauƙi ne, Kawu da ya canka daidai shi ne abin gudu.

Na ce, “To ai magana ta ƙare! A nuna wa Hajiya ramin.”

Yaya ta zaro ido. “In ce wa uwar mijina furenta na musamman rini ne? A fuskarta?”

Kawu ya ce, “Ba sai an kai ga haka ba. Abin da wani ya yi da sirinji, ni da sirinji muka tashi.”

Washegari ya hawo da kayan aiki a faranti: sirinji, kwalaben tawada, kyandir, auduga, har da safar hannu guda ɗaya, ta hagu, ɗayar ta ɓata. Ya ce in riƙe tukunyar kada in motsa. Ya kama karan da hannun da ba safa, ya saita allura, ya ce, “Ku lura da kyau, ba kullum ake ganin irin wannan ba.”

Ya soka. Allurar ta shiga ta nan, ta fita ta can, ta shige babban yatsansa. Shi kuma da ya ji zafi sai ya danna.

“Wayyo Allah! Yaya! Ya cije ni!”

Mama ta ce, “Wa ya cije ka?”

“Furen!”

Yatsan ya kumbura ya yi shuɗi kamar an rina ƙwai. Mai kemis ya wanke, ya naɗe masa da bandeji, ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin wanda ya yi wa kansa ɗurin tawada ba, ya tambaye shi ko yanzu zai iya buga takarda da yatsan. Kawu ya ce masa kowane babban likita da kansa yake fara gwada magani.

Da rana ya sake gwadawa, wannan karon da dabara, allurar a kwance. Kuma ta shiga. Ya ɗiga kakin kyandir ya toshe. Muka zauna muna kallon fure kamar masu kallon talabijin. Ni na gaji na tashi, na dawo, na sake tashi. Kafin la'asar sai ga furen da ke ƙasa ya fara fitar da 'yan jijiyoyi shuɗaye, sirara kamar na bayan hannun tsohuwa.

Yaya ta rungume ni. Mama ta ce, “Ikon Allah.” Kawu kuwa sai ya sauka ƙasa. Ta taga muka hango shi a tsakiyar layi, yatsa mai bandeji a sama, yana yi wa mai aski da mai kemis da masu jiran mota bayani. Muna jiyo shi: “Yanzu fure kawai na fara da shi. Nan gaba kaza. Ka kawo farar kaza, ka faɗi launin da kake so.”

Tela ya ce daga bakin shagonsa, “Fara da mayar mini da yadina fari tukuna!”

Da a nan ya tsaya, da wataƙila yanzu wani labarin nake ba ku. Amma Kawu ya dawo ya ƙare wa furen kallo ya ce shuɗin ya yi haske, na sararin sama ne, na Hajiya kuwa mai duhu ne. Ya ce a firinta idan ana son shuɗi mai duhu, ja ake ɗan ƙara masa. Ya huda sabon rami ya ɗura ja.

Da safe furannin suka tashi da launin kumburin da ake samu idan an gwabje ƙafa da kujera.

Yaya ta ce, “Kawu, mene ne wannan?”

“Ja ya ɗan yi yawa. Ƙaramin abu ne. Rawaya ke kashe shi.”

Mama ta ce, “Auta, ka bar furen nan haka.”

“Yaya, ke fa ba ki san haɗin launi ba. Ni da ido a rufe nake yi.”

“Ai na ga alama.”

Ya huda ya ɗura rawaya. Furannin sama suka koma kore-kore, na tsakiya kamar ruwan wanke-wanke, na ƙasa kuwa har yau ban san sunan launinsu ba. Kawu ya ce yanzu an zo wajen, shuɗi kawai za a ƙara da yawa ya danne sauran. Sai dai kwalbar shuɗin ta ƙare, rabinta tana jikin yadin tela, saura a yatsansa. Bai yi wata-wata ba, ya sauka shago ya zuƙe shuɗin da ke cikin firintarsa ta hoto, ya hawo da shi.

Kafin jajibirin zuwan Hajiya, karan furen nan ya zama sarewa. Rami a nan, rami a can, kowanne da ɗan tulin kakin kyandir a bakinsa. Ya fara laushi, sai da Kawu ya ɗaure shi a jikin fensirina da zare. Fensirin da nake tsakiyar amfani da shi, ko tambayata bai yi ba.

Yaya ta daina kuka ma, ta koma kallon bango. Ta ce, “Da farin ma na bari.”

Na ce, “Wa ya faɗa tun farko?”

Mama ta ce, “Ke kuma rufe mana baki.”

Kawu ya ce, “Ku kwantar da hankalinku. Launi ba a jikin abu yake ba, a ido yake. Ku bar mini falon gobe.”

Ranar zuwan, da hantsi, muka shigo falo muka tarar Kawu ya ja labule ya rufe ko'ina ruf, ya cire ƙwan fitilarmu ya sa wani shuɗi da ya aro a shagon mai aski. Ya tura tukunyar can bayan labule a kan dakalin taga, ya bar kan furannin kawai ya leƙo. Kuma, kada in yi masa ƙarya, furen ya yi shuɗi. Haka ma kujeru. Haka ma bango, da kofuna, da haƙoran Kawu, da fuskar Mama da ta tsaya a bakin ƙofa tana salati.

Mama ta ce, “Auta, cire abin nan kafin in...”

Aka yi sallama a matakala.

Hajiya ta shigo, doguwa, cikin farin mayafi mai ɗaukar ido, Tabarau yana biye da ita da ledar tsaraba. Ta tsaya ta ƙifta ido. Ta kalli Mama, ta kalli Yaya da ta durƙusa tana gaishe ta.

Ta ce, “Lafiya kuwa? Yarinyar nan ba ta da lafiya ne? Duk kun yi wani iri.”

Kawu ya yi caraf ya ce, “Hasken zamani ne, Hajiya. Yana kwantar da hankali. A manyan asibitoci shi ake sawa.”

“Kai ne wa?”

“Injiniya. Kawun yarinyar.”

Aka kawo shayi. Hajiya ta leƙa kofin, ta ga abin da ke ciki ya yi kalar ruwan batir, ta ajiye shi a hankali. Tabarau ya cire tabaransa ya goge ya mayar, ya sake cirewa. Ranar na fara ganin idonsa, shi ma shuɗi.

Hajiya ta ce, “Ina furena?”

Kawu ya nuna da yatsan bandeji. “Ga shi can, Hajiya. Daga nesa ya fi kyau. Irin wannan ba ya son a matse shi.”

“Ni zan gaya maka abin da yake so. Ni na kawo shi.”

Ta tashi ta nufi taga. Yaya ta kama hannuna ta matse har sai da na ji ƙashina. Daidai nan muka ji hayaniya a matakala, sai ga tela ya faɗo falon da yadinsa a kafaɗa, bayansa wani direban babbar mota yana huci, bayansu mai aski ya biyo, wai ya zo karɓar ƙwan fitilarsa, alhali kallo ya kawo shi.

Direban ya ɗaga wani ɗan hoto sama. “Ina Kawu Tawada? Dubi abin da ka ba ni! Hoton fasfo na ce ka yi mini, ka mayar da ni jan gauta! An kore ni daga ofishin lasin, sun ce in je asibiti tukuna!”

Kawu ya ce, “Malam, ai muna da baƙi. Kuma hoton nan lafiyarsa ƙalau, dubi.”

“A wannan duhun me zan gani?”

Hajiya ta ce, “Gaskiyarka, bawan Allah.” Ta kama labulen ta yaye shi gaba ɗaya.

Rana ta shigo. Kowa ya koma launinsa, ban da furen.

Abin da Kawu bai lissafa ba, tun hantsi tukunyar tana bayan labule, rana tana dukanta ta gilashi. Duk kakin da ya toshe ramukan ya yi laushi. Hajiya ta ɗaga tukunyar sama daidai fuskarta don ta gani da kyau, zaren ya zame daga fensirina, karan ya lanƙwashe, sai ji muka yi tsit, tsit, tsit. Kowane rami ya tofar da abin da aka ba shi ajiya. Shuɗi a kafaɗa, ja a ƙirji, rawaya har gefen kunne. Farin mayafin Hajiya ya koma kamar takardar gwajin firinta.

Furanni biyu suka faɗo kan kafet.

Tela ne ya fara magana. Ya ce, “Hajiya, sannu. Ni nawa launi ɗaya ya ba ni.”

Hajiya ta juyo ta kalli Yaya. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsoro. “Abin da kika yi da amanata ke nan?”

Sai Kawu ya shiga tsakani. Ba don jarumta ba, kada ku ɗauka, shi dai ba ya iya jure a yi maganar aikinsa ba da shi ba.

“Hajiya, yarinya ba ta da laifi, kuma aikin nan bai ƙare ba ne kawai. Ni ɗuri na sake yi masa, kamar yadda aka yi masa na farko.”

“Wane na farko? Wannan iri ne na musamman!”

“Na musamman ne, amma sirinji ya sha.” Ya zaro gilashinsa ya miƙa mata. “Duba guntun tsohon karan nan. Ga huji, ga kaki. Fari ne, Hajiya, rina shi aka yi kafin a sayar miki. Duk wanda ya sake fure, fari zai fito, ko a gidan wa yake.”

Hajiya ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Mai aski ya matso zai leƙa, Mama ta harare shi ya koma.

Sai Tabarau ya yi gyaran murya ya ce, “Umma, ko za ki faɗa musu zancen bula?”

“Kai, yi mini shiru.”

“Guda biyu fa kika saya. Naki tun da furensa ya zube kike zuba masa bular wanki kullum safe, wai kada ya manta launinsa. Har ya ruɓe. Ni kika sa na fitar da tukunyar.”

Tela ya toshe baki da yadinsa. Direban ya manta da hotonsa. Hajiya ta kalli ɗanta kamar za ta mayar da shi ciki, sannan ta zauna a kujera da tukunyar a cinya.

Ta ce da Yaya, “Tsaya. Wannan karan sabo ne? Sake fure ya yi? A hannunki?”

Yaya ta gyaɗa kai. Na fizge wayarta na buɗe hoton da ta ɗauka ranar da suka buɗe, kafin Kawu ya taɓa su, na miƙa wa Hajiya. Furanni farare tas, sun jeru reras.

Hajiya ta kalli hoton, ta kalli abin da ke cinyarta. “Nawa ko ganye ɗaya bai ƙara ba. Ke kin raya shi har ya yi wannan, sannan kika miƙa wa wannan mutumin?”

Yaya ta ce da ƙaramar murya, “Tsoro na ji, Umma. Kin ce idan ya koɗe...”

“Ni ma haka mai shagon furen ya ce mini!” Sai kuma dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har mayafin yana girgiza, ta jawo Yaya ta zaunar da ita kusa da ita, ta shafa mata rawaya a kumatu ba ta sani ba. Mama ta sauke ajiyar zuciya, ta tafi sake dafa shayi.

Da za su tafi, Hajiya ta tsaya a bakin matakala ta yafito Kawu. Ni ina bayan ƙofa, na ji komai. Ta rage murya ta ce, “Injiniya, tsakaninmu. Da ka tsaya a allurar farko, da ya yi?”

Kawu ya gyara hula. “Hajiya, da ya yi mana. Ki samo wani farin kawai.”

Mama ta leƙo daga kicin ta ce, “Auta, kawo sirinjin nan.”

Yaya ta yanke sarewar Kawu tun daga gindi, ta wanke saiwar, ta canza ɓawon itacen. Okid bai mutu ba. Da shi ta tare a gidanta, kuma ya sake fitar da kara, fari tas. Yana kan tagar ɗakinta, amma duk ranar da aka ce Kawu zai zo, ko Hajiya, sai ta kulle shi a banɗaki ta sa makullin a jaka. Ranar da suka zo tare kuwa, gidan maƙwabta ta kai shi.

Katin bikin ma Kawu ne ya buga, kyauta. Yaya shuɗi ta zaɓa. Ya fito ja kamar direban nan. Kawu ya ɗaga shi sama da yatsansa, wanda har yau farcen bai koma daidai ba, ya ce da ma ja ya fi dacewa da amarya.